Uwargida, Ki San Abin da Ke Cikin Tambulan

Uwargida, yau za mu ba ki labarin wani abin sha na mutanen Amurka, sunansa Stinger. Mun kawo shi ne don ki gane shi in an miƙo miki a wurin liyafa ko a otal, gama launinsa kamar na shayi marar madara, ƙamshinsa kuwa na na'ana'a ne tsantsa. Wadda ba ta sani ba sai ta kurɓa.

Abu biyu suke haɗawa. Na fari burandi, wato barasar da ake tatsowa daga giyar inabi, wadda ta fi suna kuwa ita ce ta garin Cognac a Faransa. Ƙarfinta ya kai kashi 40 cikin 100. Na biyu wata barasa ce mai zaƙi da aka ba ta ɗanɗanon na'ana'a, Faransawa suna ce da ita crème de menthe. Sukan auna mililita 50 na burandi da 20 na mai zaƙin, su dama da ƙanƙara, su tace. Kin ga ke nan barasa ce bisa barasa. An ce lokacin da aka hana sayar da giya a Amurka, daga 1920 zuwa 1933, an yawaita shansa saboda na'ana'a tana rufe warin barasa marar kyau. To, abin da ya rufe musu wari shi zai rufe miki.

In ƙamshin ne ya ba ki sha'awa, ga na halal. Ki tafasa kofi ɗaya na ruwa da kofi ɗaya na sukari har ya narke. Ki sauke, ki zuba wankakken ganyen na'ana'a cikin tafi biyu, ki rufe rabin sa'a, sa'an nan ki tace. Kada ki bar ganyen bisa wuta, zai yi baƙi, ƙamshin ya gudu. Ki dafa shayi mai ƙarfi, ki bar shi ya huce. A kowane tambulan ki sa cokali biyu na ruwan sukarin, ki cika da shayi, ki matsa lemun tsami, ki jefa ƙanƙara. Maigida da baƙi za su nemi ƙari.

A wurin taro kuwa, kada kunya ta hana ki tambayar mai rabo abin da ya zuba miki. Matambayi ba ya ɓata.