Aiki Tare Daga Cikin Gida

Uwargida, tun kullen korona na 2020 mata da dama ke aiki da abokan aiki na wasu garuruwa daga cikin ɗakinsu. Kowace manhaja da amfaninta: WhatsApp don saƙon gaggawa, Zoom don taro, sai dai na kyauta yakan yanke bayan minti 40. A Google Docs kuwa, ku biyar kuna iya gyara takarda guda lokaci ɗaya.

Amma 'yar'uwa, saƙon murya saurin nutsewa gare shi cikin hira. Duk abin da kuka yanke, musamman na kuɗi, ki rubuta shi inda kowa zai gani, don gudun musu da ɓacin zumunci. Ki kuma sanar da su lokacin sallarki da na girki, kada aiki ya danne haƙƙin maigida da yara.