Me Ya Sa Wata Ke Yabon Gidan Abinci Wata Na Kushe Shi?

  

Yau zancen namu na gidajen abinci ne na manyan birane, irin waɗanda ake shiga a zauna bisa kujera, a miƙo wa mutum takarda ya zaɓi abin da zai ci. Na san wata za ta ce, to mu da ke cikin kulle ina ruwanmu da gidan abinci? A da kam gaskiyarki. Lokacin iyayenmu cin abinci a waje na baƙo ne da gwauro da direban da dare ya yi wa a tasha. Magidanci kuwa kunya yake ji a gan shi gaban mai tuwo, don za a ce matarsa ta yi yaji. Amma tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, ma'aikata suka taso daga Kaduna, da yawansu suka baro iyali can, dole ta sa aka fara neman inda za a ci a biya. Can kudu kuma kamfanoni suka shigo harkar, Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986, Chicken Republic ya biyo baya a 2004, salon ya yi ta hawowa arewa. Yau ga shi har cikin ɗakunanmu. Maigida ya je Abuja aiki ya dawo da labari, ɗiyarki ta jami'a ta dawo da labari, ke ma wata rana a fita da ke asibiti Kano a ce bari a tsaya a ci wani abu.

Kwanakin baya na shiga barka wani gida nan unguwarmu Ƙofar Kwaya, na iske facaloli biyu suna musu kamar za su tashi ɗakin. Dukansu sun je Kano cikin wata guda. Babbar mijinta ya kai ta ganin likita, ƙaramar kuma rakiyar surukarsu ta yi filin jirgin Malam Aminu Kano za ta Umara. Kuma gidan abinci ɗaya aka kai su, don wan ne ya yi wa ƙanen kwatance. Babbar ta ce tun da take ba ta taɓa cin soyayyar shinkafa irin wannan ba, ga kaza ta gasu har ƙashi, ga yaran wurin sai rusunawa suke yi. Ƙaramar ta ce wallahi asarar kuɗi, shinkafa ta bushe kamar tsakuwa, kazar da aka tsaga sanyi ƙalau a ciki, kuma sun fi rabin awa zaune ba wanda ya ce musu ci kanku. Har ta kai babbar na cewa baƙin ciki ne, ƙaramar na cewa ƙauyanci ne ya ruɗe ta. Da na tambayi kowacce ƙarfe nawa ta je, sai ga shi babbar ta je ana fitowa sallar azahar ranar Talata, ƙaramar kuwa bayan isha'i ranar Asabar. Na ce ku bar rantse-rantse, duk cikinku ba mai ƙarya.

Kin ga 'yar uwa, girkin gidan abinci ba irin namu ba ne. Ke kin san bakin mutum nawa za ki ciyar, kina saukewa kina rabawa. Su kuwa ba su san ko mutum nawa za su shigo ba. Saboda haka da hantsi ake ɗora manyan tukwane, shinkafa, miya, nama, a juye cikin wasu manyan tire-tire na ƙarfe a jera bisa ruwan zafi ko ƙarƙashin fitila don kada su huce. Wadda ta zo farkon saukewa ta ci sabon girki. Wadda ta zo bayan awa huɗu ko biyar, abinci ɗaya ne a suna, amma zafin nan ya tsotse ruwan shinkafar, man miya ya taso sama, naman ya yi tauri. Ɗumame ne aka ba ta a farantin tangaran. Mu kam mun san daɗin ɗumamen tuwo da safe, amma ba wadda za ta so ta biya kuɗin sabon girki a kansa.

Daren Asabar kuma wata matsalar ce daban. Jama'a sun cika wuri, abin da aka tanada ya ƙare, sai a zaro kaza daga firiza ƙanƙara ba ta gama sakinta ba a tsunduma cikin mai. Bayanta ya yi ja gwanin sha'awa, cikinta bai ji wuta ba. Abin da ya sami ƙaramar facalar ke nan. Sannan manyan wuraren nan yawanci kuku ba ɗaya ba ne, na rana daban na dare daban, kuma ke ma kin sani ko ke da kishiyarki kuka ɗauki cefane ɗaya, miyar ba za ta zo ɗaya ba. Ga kuma maganar wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 tayar da janareta ya zama aiki, wurin da ba ya iya riƙe firij ɗinsa dare da rana, namansa ya narke ya sake daskarewa, ba yadda za a yi ɗanɗano bai canza ba.

Nan fa zancen ya wuce na daɗin baki, ya shiga na lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba, ba cikin firij ba. Shinkafa ta fi kowa laifi a nan, don akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta gama kashe ta, da zarar ta huce ta daɗe sai ta hayayyafa, kuma ɗumamawa ba lallai ta raba ki da dafinta ba. Shi ya sa mutum biyu za su ci a wuri guda, ɗaya ya kwana lafiya, ɗaya ya kwana zarya bayan gida. Idan an kai ki irin wurin nan, ki sa maigida ya tambaya yaushe aka sauke, ba abin kunya ba ne. Ni dai in na ga tire ya kusa ƙarewa gefensa ya yi ƙanzo, hanya nake ba shi, in nemi abin da za a dafa yanzu ko da zan jira.

To bayan lokaci sai harshe. Kukun babban birni ba don Bakatsine kaɗai yake girki ba. Bayarabe zai ci, Ibo zai ci, Balarabe da Bature za su ci. Ki je Abuja ki ce a ba ki tuwo miyar kuka, sau da yawa za ki ji ta lami, an rage daudawa don kada warinta ya kori baƙi, man shanu kuwa babu labarinsa. Wanda bai tashi da ita ba zai ce ta yi daɗi, ke kuwa ki ce wannan ai ruwan kuka ne. Ki shiga Sabon Gari a Kano a kawo miki sakwara da miyar agushi, manja ya ji, jatan lande ya ji, tarugu kamar a yi kuka. Ga masu ita haka ake so, wata kuwa loma biyu ta ajiye. Gidajen abincin 'yan Sin kuma da gangan suke barin karas da kabeji da ɗan ƙarfinsu, mu da muka saba ganye ya dahu luguf sai mu ce ɗanye aka kawo. Kada ki manta da halin da jikin mai ci yake ciki. Mai mura ba ta jin ɗanɗano don hanci ya toshe, mai laulayi ƙanshin kori kaɗai ya isa ya tayar mata da zuciya. Ita kuwa babbar facalar, tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba saboda gwajin jini, kuma Hausawa sun ce yunwa maganin muguwar dafuwa.

Sai tarba, wadda a ganina ita ta fi raba labarin mutane. Ranar Talata da rana yaro ɗaya tebur biyu ko uku yake kula da su, yana da lokacin gaisuwa da murmushi. Daren Asabar yana iya samun kansa da tebur goma, yana tsaye tun rana, albashin kuma ba wani abin kirki ba. A irin wannan cunkoso wa ake fara sallama? Wanda aka sani, wanda ya saba barin ɗan canji, da mai ɗaga murya. Mai kawaici ya zauna yana jira a lura da shi, shi ne zai yi ta hamma. Mu kuma an rene mu da kunya, mazanmu ma da yawa ba su son ɗaga hannu suna kiran yaro cikin mutane. Akwai kuma wuraren da riga suke kallo, mai babbar riga da mukullin mota a tarbe shi tun daga ƙofa, mai sanye da yadi a bar shi ya nemi kujera da kansa. Wannan hali ne marar kyau kuma yana faruwa, ban ga amfanin ɓoyewa ba.

Mu mata muna da tamu damuwar a kan wannan. Wasu gidajen sun ware ɓangaren iyali, da labule ko ɗan ɗaki, wasu kuwa fili ne fetal kowa na kallon kowa. Matar da ta saba ci a ɗakinta, ta miƙe ƙafa ta sa hannu, a ce yau ta ci gaban maza baƙi, tana ɗaga niƙabi tana kokawa da cokali mai yatsu, ina za ta ji daɗin abinci ko da kukun sarki ne ya dafa? Ga takardar abincin da Turanci, sunaye kamar na magani. Kunyar tambaya ta sa ki nuna wani da yatsa, a kawo miki abin da ba ki taɓa gani ba. Don haka tun kafin a shiga ki ce wa maigida ya leƙa ya ga ko akwai wurin iyali, kuma ya sa yaron ya yi bayanin kowane abinci da Hausa. Kuɗinku za ku biya.

Kuɗin ma na ɓata daɗi bayan an gama ci. A manyan wurare farashin da ke jikin takarda wani lokaci ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin VAT, wanda gwamnatin tarayya ta ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, wato abincin naira 20,000 zai hau da naira 1,500. Wasu kuma su ƙara nasu kuɗin hidima, ga ruwan gora da aka buɗe ba ku tambaya ba. Wanda ya san da haka ya biya ya fita yana yabo. Wanda bai sani ba ya fito yana cewa an cuce shi, shinkafar da ya yaba ɗazu ma ta zama marar daɗi.

Yawancinmu dai a roba abincin nan ke iso mana, maigida ya riƙo a leda. Ki sani ba a yi wa gidan abinci hukunci da wannan. Soyayyen dankali ko kaza da aka rufe da zafi, tururi ya koma musu, kafin a ratso gari a iso gida sun yi laushi sun saki.

Yanzu bari in taɓo inda ke yi wa wasunmu ciwo, wato maigidan da zai dawo yana cewa ke me ya sa ba ki iya irin ta wuri kaza ba. Kada ki tashi hankalinki, kada kuma ki yi fushi. Abin da ya biya na faranti ɗaya, a gidaje da yawa ya kai cefanen yini guda na gida duka. Ya ci a zaune cikin sanyin na'ura, ba yaro na kuka, ba mai tambayarsa kuɗin makaranta. Sannan girkin kasuwa hannu sake ake zuba masa mai da gishiri da dunƙule, don loma ta farko ta kama baki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule. In kika biye masa kullum, ke ce za ki yi jinyar hawan jini. Ki ce masa cikin raha, Alhaji a kawo cefanen wurin kaza a gani. Amma tsakani da Allah akwai abin da ya kamata mu ɗauka a wurinsu: faranti a wanke tas a goge, abinci ya iso da zafinsa, ruwan wanke hannu na kusa, mai kawowa kuma fuska a sake. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma, kuma ba ta cin ko kwabo.

Ku kuma masu sana'a daga cikin gida, masu waina da ɗanwake da dambu da tuwon sayarwa, har da masu karɓar oda ta waya, duk abin da na faɗa ya hau kanku. Mai sayen wainarki da ƙarfe bakwai yana yabonki a gari, mai saye da sha ɗaya yana cewa kin lalace, kuma ke ba ki fita balle ki ji ki kare kanki. In da hali ki raba girkin biyu, na safe da na rana, maimakon tukunya guda ta yini a kula. Ki tsayar da ma'auni, gwangwani kaza na shinkafa, ludayi kaza na mai, don hannu na rawa ranar da rai ya ɓaci. Wanda ya zo a makare a gaya masa gaskiya cewa saura ne, in ya so ya saya a rage masa. Sannan ki lura da yaron da ke amsa sallama a zaure, don masu saye ba su taɓa ganin fuskarki ba, tasa suke gani. In yana fizgar kuɗi yana miƙa kwano da hannun hagu, sunanki ne ke tafiya.

Facalolin nan kuwa na ji sun shirya, in Allah ya kai mu ƙaramar salla za su sa mazan su kai su tare, rana ɗaya tebur ɗaya. Ƙaramar ta ce ita dai ba za ta kai kaza baki ba sai ta tsaga ta ga cikinta.