Kafin A Kafa Falwaya, Sai An Zana Hanyar Waya

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato zuwa Jega, idan ya kai Dogon Daji a ƙasar Tambuwal, zai ga falwayoyi jere a gefen titi, wasu kuma sun ratsa cikin gonakin gero. Mai wucewa yana iya zaton an kafa su ne yadda aka ga dama. To ba haka ba ne. Kowace ɗaya daga cikinsu sai da aka fara ɗiga ta a kan taswira.

Wutar da ake sha a wannan yanki daga nesa take zuwa. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a shekarar 1968, ita ce ke turo ta a kan babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 zuwa Birnin Kebbi, daga nan wani layin mai 132 ya kai ta Sakkwato. Sa'an nan a rage ta zuwa 33 ko 11 domin garuruwa, har tiransfoma ta sauke ta daidai da bukatar gidaje.

A zamanin Hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, safiyo ne kan shiga daji da sarƙar awo da na'urar hange, ya yi makonni yana kafa turaku, sa'an nan mai zane ya zauna da fensir. Yanzu kuwa injiniya yakan ɗora hoton tauraron ɗan'adam da awon tudu da kwari a cikin manhajar kwamfuta irin su PLS-CADD, ya ja layi daga tasha zuwa gari. Nan take manhajar za ta nuna masa yawan falwayoyin da za a saya, da tsawon waya, da wurin da wayar za ta sunkuyo kusa da ƙasa.

Wannan sunkuyawar ba ƙaramin al'amari ba ce a ƙasar Sakkwato. Ƙarfe yakan miƙe idan ya ji zafi, ga shi kuwa da bazara zafin yakan wuce digiri 40. Wayar da aka ɗaure ta tsaf a lokacin hunturu, idan Afrilu ya zo sai ta yi ciki, ta sauko inda babbar mota mai lodin buhuna za ta iya taɓa ta. Don haka injiniya ke gaya wa manhajar mafi tsananin zafin wurin tun kafin ya tsai da tazarar falwaya da falwaya. Haka nan tsawon hanya: gwargwadon nisan waya gwargwadon raunin wutar da ke isa ƙarshenta. Garin da ke can ƙurya, kamar ƙauyukan ƙasar Kebbe, idan aka yi masa kewaye mai yawa ko aka yi rowar kaurin waya, ƙwan fitila zai kama ja-ja, injin niƙa kuwa ya ƙi tashi.

Amma fa akwai abin da kwamfuta ba ta gani. A wurinta layi miƙaƙƙe shi ne mai araha. Ba ta san maƙabarta ba, ba ta san burtalin shanu ba, balle fadamar da ke bushe a hoton rani amma ta cika maƙil da damina har ta kwance gindin falwaya. Ga kuma batun fili. Ƙa'ida ta tanadi faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin 330, da mita 30 a ƙarƙashin na 132, inda ba a yarda a yi gini ba. Ashe ke nan ɗan karkata layi kaɗan a kan allo yana iya cin filin da magidanci ya tanada don gina wa 'ya'yansa, ya kuma jawo maganar diyya.

Saboda haka ƙwararrun injiniyoyi ba su sa hannu a kan zane sai sun taka hanyar da ƙafarsu tare da wakilin hakimi da masu gonaki. Abin da aka gano a wannan zagaye shi ake mayarwa cikin manhajar, a kange wuraren da aka hana, ita kuma ta sake lissafin falwayoyi da waya daga farko.