Tsiron da Ake Haihuwar Yaro da Shi a Farin Ido: Bayani ga Iyaye da Masu Unguwanni

Akan haifi jariri da wani ɗan tudu a farin idonsa, daidai inda farin ya haɗu da baƙin, galibi ta ƙasa, a gefen da ke kusa da kunne. Launinsa fari ne mai ɗan rawaya, girmansa kamar ƙwayar dawa, wani lokaci har da siraran gashi a kansa. Likitocin ido suna kiransa damoyid. Ba kasafai ake ganinsa ba, shi ya sa yake tayar da hankalin iyaye.

Tun yaro yana ciki abin yake samuwa. Ɗan yankin fata ne da kitse ya tsiro inda ba wurinsa ba. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma ba abin da uwa ta ci ko ta gani ne ya jawo shi ba. Yawancinsa ba ya bukatar aiki.

Duk da haka, wajibi ne likita ya duba shi da wuri. Idan tsiron ya hau kan baƙin ido, yakan karkatar da gani, sai yaro ya dogara da ɗaya idon, wancan kuma ya yi rauni. Tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i suna gyara wannan, amma bayan shekara 7 ko 8 gyaran yakan yi wuya. Idan kuma akwai 'yan tsiro a gaban kunne, haɗin da likita Maurice Goldenhar ya bayyana a 1952, sai a gwada jin yaron.

Babban haɗarin shi ne yankewa a gida. Askar wanzami tana iya huda idon, domin tsiron yakan yi saiwa a ciki. Haka kuma kada a ɗiga ruwan ganye ko a shafa kwalli da nufin narkar da shi; ba ya narkewa.

Akwai waɗanda suka yi kama da shi amma ba a jinkiri da su: tabo mai kama da kumfar sabulu tare da dundumi, alamar ƙarancin bitamin A, farin haske a tsakiyar baƙin idon yaro, da tsiron da ya fito wa babba yana girma ko yana jini.

Mazauna Kwarbai da sauran unguwannin birnin Zariya za su iya farawa da Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna su ne ke karɓar waɗanda ke bukatar aiki. Ana kira ga dagatai da masu unguwanni su isar da wannan bayani ga ungozomomi da wanzamai, domin su ne ke fara ganin jariri kafin ranar suna.