Gwajin Neman Aiki a Kamfanin Wuta

Kamfanonin wutar lantarki sukan gwada mai neman aiki kafin su ɗauke shi, domin takardar shaida kaɗai ba ta isa. Ga matashin garin Indabo da ya karanci lantarki a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, kamfani mafi kusa shi ne KEDCO, mai rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa. Akan fara da jarrabawar lissafi da kaifin basira, galibi a kwamfuta, sannan ganawa da manyan ma'aikata. Mai neman aikin layin wuta kuwa, sai likita ya duba idanunsa, tunda wani ba ya bambance jar waya da koriya. Akan kuma sa shi ya hau turken wuta, ɗaure da bel a ƙugu, a ga ko ƙafafunsa za su yi rawa.