Bargon Ƙyallaye: Ki Ɗinka Wa Ɗanki Da Hannunki Kafin Sanyi Ya Shigo

Uwargida, ina kike kai ragowar atamfar da tela ke dawo miki da ita a leda? Tawa ta yi shekaru a ƙasan akwati, har ranar da sanyin hunturu ya matsa, na taya bargo a kasuwa na ji kuɗin ya fi ƙarfina. Da waɗannan ƙyallayen na ɗinka wa ɗiyata abin rufa, ban kuma taɓa keken ɗinki ba.

Ba sabon abu ba ne. Matan Bangaladesh da gabashin Indiya sun daɗe suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ƙananan ɗinki, suna kiransa kantha. Irinsa za mu yi, don shi ne mafi sauƙi ga mai koyo.

Ki fara da zaɓen ƙyalle, domin nan na yi kuskure a karon farko. Na haɗa atamfa da leshi da wani jan yadi mai zuba, wanki ɗaya ya ɓata min aikin wata guda. Ki tsaya kan na auduga zalla masu kauri ɗaya. Ki wanke su tukuna, masu duhu daban, don mai zuba ya zuba, mai tsukewa ya tsuke, sannan ki goge.

Ki yanko kwali mai kusurwa huɗu, santimita 15 kowane gefe, ki riƙa ɗora shi kina zanawa da alli kina yankawa. Ɗinki zai ci santimita ɗaya ta kowane gefe, saura 13. Guda 80, wato takwas a faɗi goma a tsawo, za su ba ki bargo mai santimita 104 da 130, ya ishi yaro ɗan shekara huɗu ko biyar. Ki shimfiɗa su a tabarma, mai haske kusa da mai duhu, ki ɗauki hoto da wayarki, don yara za su hargitsa miki jerin. Ki haɗa bibbiyu fuska da fuska ki ɗinke, har layi ya cika, sannan ki haɗa layukan.

Yanzu hawa uku za ki yi: zanen gado a ƙasa, tsofaffin zannuwa biyu masu laushi a tsakiya, aikinki a sama. Ki miƙar da su sosai, ki kama da fil ko manyan ɗinki na wucin gadi. Kada ki tsallake wannan, in ba haka ba tsakiyar za ta tattare.

Adon shi ne mai daɗin. Ki sami zaren surfani mai ɗan kauri, fari ko ruwan ɗorawa, da allura mai faɗin ido. Tsawon zaren kada ya wuce kamu ɗaya, dogo sarƙewa yake. Ki fara daga tsakiya zuwa gefe, allura ta shiga ta fita, kowane ɗinki kamar ƙwayar shinkafa, tazarar yatsu biyu tsakanin layi da layi. Kada ki ja zaren da ƙarfi. In hannu ya saba, ki zana da'ira da bakin kofi ki bi ta. Layina na farko duk a karkace suke, har yau ban warware su ba, ba kuma wanda ya lura. Da kin gama sai ki kalmashe bakin.

Sai maganata ta ma'aikaciyar jinya. Kada ki rufa wa jaririn da bai shekara ba wannan bargon lokacin barci, zai iya rufe masa hanci ko ya sa shi zafi fiye da kima. Ki sa masa kaya masu ɗumi, ki kwantar da shi rigingine. Ban da maɓalli ko duwatsun ado, yaro na iya cirewa ya haɗiye ko ya tura a hanci. Ki ƙulle kowane zare ki datse shi, domin silin zare kan naɗe yatsan ƙafar yaro ya tare jini. Allura kuma ki ƙirga kafin ki fara, ki sake ƙirgawa in kin tashi.

Ni rabin sa'a nake ba shi bayan isha'i, ranakun da ba ni da aikin dare. Mako shida ya ɗauke ni.