Ka'idar Tsirkiya: Fagen Ilimin da Ɗaliban Damagaram Za Su Iya Shiga

Mai goge a Damagaram tsirkiya ɗaya gare shi, amma da motsin yatsu yake fitar da amo iri-iri. A kan irin wannan tunani masana fiziks suka gina ka'idar tsirkiya. A wurinsu, elektaron da sauran ƙananan ƙwayoyin halitta wasu 'yan zarurruka ne masu kaɗawa, kuma salon kaɗawar ne ke bambanta wannan ƙwaya da waccan.

Abin da ya ba ta muhimmanci shi ne saɓanin manyan ka'idoji biyu. Ta Einstein ta 1915 tana bayanin ƙarfin da ke riƙe taurari da duniyoyi, ta kwantam kuma tana bayanin halin ƙananan ƙwayoyi. Kowacce ta ci jarrabawa a fagenta, amma da an gwama su sai lissafi ya dagule.

Gabriele Veneziano ne ya buɗe ƙofar ka'idar tsirkiya a 1968. A 1974 Joël Scherk da John Schwarz suka nuna cewa ƙarfin jan taurari yana fitowa da kansa daga kaɗawar tsirkiyar. Daga baya aka samu nau'o'in ka'idar har 5, sai Edward Witten ya kawo hujjoji a 1995 cewa tushensu ɗaya ne. Sai dai lissafin ba ya zama daidai sai sararin halitta yana da fuskoki 10. Huɗu muka sani: tsawo, faɗi, zurfi da lokaci. Sauran 6 an ce a naɗe suke, sun yi ƙanƙantar da ba a ganinsu.

Har yau gwaji bai tabbatar da ita ba. Ko na'urar CERN da ke kusa da Janeba, mai kewayen kilomita 27, ba ta da ƙarfin hango tsirkiyar.

Shi ya sa galibin aikin da alli da allo ake yinsa. Ɗalibin tsangayar kimiyya ta Jami'ar André Salifou ta Zinder (Damagaram), wadda aka kafa a 2010, zai iya shiga in ya ƙware a kwantam, ka'idar Einstein da lissafi mai zurfi. Tun 1991 masu bincike ke ɗora takardunsu kyauta a rumbun arXiv. Cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana ɗaukar ɗaliban ƙasashe masu tasowa karatun difloma na shekara ɗaya. Da Ingilishi ake darussan, don haka wanda ya taso da Faransanci sai ya fara shiri tun yana ajin digirin farko.